Sha'ir Da Hof A Fadamar Gulbin Kabi: A Yi Ko A Bari?

Jama'a manoma, da ku 'yan kasuwa, da malaman ofis masu ɗan abin ajiya a gefe, yau ba zancen shinkafa za mu yi ba, ko da ya ke lokacinta ne. Wata magana ce ta taso tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, na ga ya kamata in kawo ta wannan fili tun ba ta ci kuɗin mutane ba.

Kwanan baya, bayan an gama yankan shinkafar damina, waɗansu samari uku suka iske ni a gonar gwaji ina duba fangaloli. Ɗaya ɗan manomi ne da ya gama makaranta ya komo gida, ɗaya yana da shago a kasuwar Argungu, na ukun kuwa akawu ne. Bayan mun gaisa sai ɗan manomin ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, dubi wannan." Na duba na ga hoton wata gona da aka kakkafa dogayen turaka kamar na wayar lantarki, ga igiyoyi sun sauko daga sama, wani ganye ya nannaɗe su kore shar. Suka ce wai wani baƙo ne daga kudu ya zauna da su, ya gaya musu a Legas da Abuja an buɗe ƙananan gidajen yin giya irin ta masu kuɗi, kuma duk sha'ir da hof ɗin da su ke aiki da shi daga Turai a ke kawowa da tsada. Shi zai sayar musu da iri da saiwa, in sun noma ya zo ya saye duka. Abin da su ke so gare ni in koya musu noman.

Na tambaye su ina kuɗin. Ɗan manomin ya ce zai lallashi mahaifinsa a sayar da shanun huɗa. Mai shago zai taɓa jarinsa. Akawu kuwa ya riga ya yi magana da wanda zai ba shi bashi a kan albashinsa. Da na ji haka sai na ce su sami wuri su zauna, gama wannan ba maganar tsaye ba ce. Abin da na gaya musu a ranar, da abin da muka yi daga baya, shi ne zan ba ku a nan.

MENE NE SHA'IR, MENE NE TSIRO?

Sunan sha'ir ba baƙo ba ne a kunnenmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji an ambace shi a babin zakkar fid da kai, tare da dabino. Amma cikin mutum ɗari a ƙasar Kabi da wuya ka sami biyu da suka taɓa riƙe shi a hannu. Ɗan'uwan alkama ne, tsayinsu kusan ɗaya, sai dai zangarniyarsa tana da dogon gashi, ƙwayarsa kuma tana manne da ɓawonta kamar shinkafa shanshera. Mafi yawan wanda a ke nomawa a duniya dabbobi a ke ba. Wani mutane su ci, kamar yadda a ke yi a Habasha da Maroko. Sauran kuwa a yi tsiro da shi.

Tsiro, wanda 'yan kamfani ke kira molt, ba abin mamaki ba ne ga matanmu masu kunun zaƙi. A jiƙa hatsi kamar kwana biyu, a tsame a baza a wuri mai sanyi kwana huɗu ko biyar har ya fid da saiwa, sa'an nan a busar da shi kafin ya zama shuka. Cikin waɗannan kwanaki wani abu ya kan farka cikin ƙwayar wanda ke juya gari ya zama zaƙi. Wannan zaƙi shi a ke nema. Da shi a ke yin giya, da shi kuma a ke yin lemon malta irin su Maltina, da garin shayi irin su Milo, da waɗansu biskit da alewa.

To, ku riƙe wannan, domin duk sauran maganar a kansa ta ke: mai yin tsiro ba hatsi kawai ya ke saye ba, hatsi mai rai ya ke saye. Matar gida ba ruwanta ko dawar da ta kai inji za ta tsira ko ba za ta tsira ba, tuwo dai ya tuƙu. Shi kuwa mai tsiro, ƙwayar da ta mutu asara ce gare shi, har ma ta ruɓe ta ɓata masu rai.

HOF

Shi hof ba hatsi ba ne. Wani tsiro ne mai yaɗo, yana hawa igiya kamar doya, har ya kai ƙafa ashirin. Macensa ke yin wani fure mai kama da ƙaramin kunnen masara da bai nuna ba, cikinsa da wani gari rawaya mai ɗaci da ƙanshi. Wannan furen a ke tsinkewa a busar. Ba a shuka shi da ƙwaya, saiwarsa a ke dasawa, kuma sai shekara ta biyu ko ta uku ya ke ba da cikakken amfani. Manyan masu nomansa su ne Jamus, a wani yanki da a ke kira Halatau, da Amurka, a kwarin Yakima.

Samarin suka ce, to ai mu ma muna da ruwa, muna da ƙasa mai kyau, muna da rana fiye da Jamus. Na ce haka ne, amma akwai abu guda da ba mu da shi, kuma ba a sayensa a kasuwa. Na tambayi ɗan manomin, in ka shuka kaura da ruwan farko, maƙwabcinka ya shuka tasa bayan mako uku, yaushe kowacce ke fid da kai? Ya ce kusan tare su ke yi. Na ce me ya sa? Ya yi shiru. Dalili shi ne dawarmu ta gado tana lura da tsawon yini. Ba ta fid da kai sai yini ya fara raguwa wajen ƙarshen damina. Haka maiwa, haka waken gargajiya mai yaɗo. Kowane manomi ya san wannan a aikace, ko da bai san dalilinsa ba.

Hof ma haka ya ke, sai dai ma'auninsa dabam ne. A ƙasashen da ya ke yi, watau tsakanin daraja 35 da 55 daga tsakiyar duniya, yini ya kan kai sa'a goma sha biyar ko goma sha shida a watan Yuni. Cikin waɗannan dogayen ranaku ya ke hawa igiya yana yin rassa, ba ya tunanin fure. Sai yini ya soma raguwa sa'an nan ya yi fure, ga shi kuwa ya riga ya yi jiki. Mu a nan Birnin Kebbi muna wajen daraja goma sha biyu da rabi. Yininmu mafi tsawo bai cika sa'a goma sha uku ba. Saboda haka in ka dasa shi a nan, tun yana ƙarami zai ɗauka kaka ta yi, ya yi 'yan furanni tun bai wuce kan mutum ba, ya tsaya. Bugu da ƙari, saiwarsa tana bukatar ta kwanta barci cikin sanyi mai tsanani na 'yan watanni kafin ta sake tohowa da ƙarfi. Hunturunmu, duk da ya kan sa mu kwana da wuta, bai kai nan ba.

Ba na ɓoye muku, akwai inda aka yi dabara. A Filorida ta Amurka da kuma Birazil ana kunna fitilun lantarki a gonar hof da dare domin a ruɗe shi ya zaci yini ne. Akawu da ya ji haka sai ya ce to ai shi ke nan, ga sola. Na ce mu yi lissafi. Turaka masu tsawon ƙafa ashirin da gara ba za ta ci ba, da waya, da igiya sabuwa kowace shekara, da fitilu, da batur, da ban ruwa kullum cikin zafin Afrilu. In an tsinke fure kuwa tilas a busar da shi cikin 'yan sa'o'i da iska mai ɗumi, a matse, a ajiye cikin sanyi, in ba haka ba ƙanshin ya gudu, ya zama ciyawa. Sa'an nan shekara biyu kana kashewa ba ka karɓa. Wanda ya sayar da shanun huɗarsa domin wannan, da me zai yi huɗar gero bana da baɗi?

Kuma in baƙon bai komo ba fa? Mai shinkafa in dillali ya guje shi ya ci abarsa. Mai albasa ya kai Aliero ko Jega ya karyar. Mai hof ko akuya ba zai tura wa ba. Ni dai hukuncina a kan hof gajere ne: kada kowa ya sa ko kwabo. Masananmu na jami'o'i ma, da suka ga ba ya yi a ƙasar nan, juyawa suka yi suna gwada ɗacin shuwaka da namijin goro a madadinsa.

SHA'IR KUWA YANA YI, AMMA DA SHARAƊI

Maganar sha'ir dabam ce. Duk inda alkama ta yi, shi ma zai yi, kuma kakanninmu sun daɗe suna noman alkama da jigo a bakin gulbi. Yana ma fin alkama jure ƙasa mai kanwa-kanwa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita aka ɗora wa aikin binciken alkama da sha'ir da gero a ƙasar nan, can ne ya kamata mai neman iri na gaskiya ya dosa, ko ya bi ta hannun malaman gona na KARDA.

Abin da ke mulkin nomansa shi ne sanyi. Yana bukatar kamar kwana casa'in daga shuka zuwa yanka, kuma lalle ƙwayar ta cika kafin zafi ya sauko. Hunturunmu kuwa gajere ne. Wanda ya shuka tsakiyar Nuwamba zuwa makon farko na Disamba, zai yanka cikin Fabrairu ko farkon Maris, ya tsira. Wanda ya wuce haka ya shiga hannun bazara, sa'ad da ma'aunin zafi ke kai 40 da rana.

Wannan ba a littafi kaɗai na karanta ba, ni kaina na sha. Shekarar da na fara gwada shi, irin bai iso hannuna ba sai ƙarshen Disamba. Na ce bari dai in zuba, ai ba a rasa ba. Ya fito ya yi kyau, har mutane suna tsayawa a kan hanya suna tambaya wace irin alkama ce wannan mai gemu. Ina ta jin daɗi. Ranar da iskar zafi ta juyo, cikin mako guda gonar ta yi fari, kai ka ce ta nuna. Da na murza zangarniya a tafin hannu sai na ga ƙwaya siririya, ta motse kamar tsohuwar da ta sha azumi. Kaji suka ci rabonsu, ni kuwa na ci kunya gaban leburorina.

Ga kuma wata matsala ta fadamarmu. Sha'ir ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ƙasar laka ta tsakiyar fadama, inda shinkafa ke murna, cikin Nuwamba ba ta gama tsanewa ba, balle shekarar da gulbi ya yi ambaliya irin ta 2020. Kafin ta bushe a iya shiga, lokacin shuka ya wuce. Wurin da ya dace da shi shi ne gefen fadama mai ɗan tudu, ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ke wucewa. To, wannan wuri kuwa shi ne na albasa da tattasai da alkama. Duk fangalin da ka ba sha'ir, ka hana ɗayansu ke nan. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babban injin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, mai shinkafar rani ya san inda zai kai kayansa. Man fetur kuma tun 2023 ya yi tsadar da kowane ban ruwa sai an yi masa lissafi. Saboda haka sabon amfani sai ya nuna ya fi na hannu kafin a ba shi wuri.

Ga wanda ya ke so ya gwada, ga yadda a ke yi. A gyara fangali ya yi laushi ya daidaita, kada ruwa ya taru a gefe guda. A ja layi, tsakanin layi da layi taƙi ɗaya, a zuba iri zurfin gaɓar yatsa biyu a rufe. Eka guda tana cin wajen kilo arba'in. A ba da ruwa nan da nan, sa'an nan kowane kwana bakwai zuwa goma bisa ga ƙasar, kada a bari ya ji ƙishirwa sa'ad da ya ke fid da kai da sa'ad da ƙwaya ke nono. In ƙwaya ta yi tauri a ɗauke ruwa.

Wajen taki ne masu alkama su kan yi kuskure. Sun saba in an ƙara yuriya alkama ta ƙara kyau, mai gurasa ya yi murna. Sha'ir na tsiro ba haka ba ne. Yawan yuriya ya kan sa ya yi tsawo ya kwanta, kuma ya ƙara wa ƙwayar abin nan mai gina jiki da a ke kira furotin, ya rage gari. Masu tsiro suna son furotin kada ya wuce kashi goma sha ɗaya ko sha biyu cikin ɗari. A sa kamfa wajen shuka, a bi da yuriya kaɗan bayan kamar mako uku, daga nan a rufe buhu. Zafi ma yana ɗaga furotin, shi ya sa sha'ir na ƙasa mai zafi ya kan sha wuya wajen cika sharaɗin.

Sussuka kuma a yi ta da hankali. Wanda ya baza a kan kwalta mota ta bi ta kai, ya fasa ƙwaya ya saɓule ɓawo, ya kashe ta ke nan. Kuma sabon sha'ir ya kan yi 'yan makonni yana barci bayan yanka, ba ya tsira sosai, sai a dakata kafin a gwada shi.

GWAJIN ƘWAYA ƊARI

Wannan gwaji shi ne abu na farko da na koya wa samarin, kuma ina so kowane mai karatu ya iya shi, gama yana da amfani ga kowane iri, ko na saye ko na rumbu. Ɗebo hatsi daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka gauraya. Ƙirga ƙwaya ɗari ba zaɓe, yadda hannu ya kawo. Jera su goma-goma a kan tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse, ka naɗe, ka sa cikin ƙwarya a inuwa, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana uku zuwa biyar ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka fid da saiwa. Mai sayen sha'ir na tsiro yana neman casa'in da biyar ko fiye. In ka sami saba'in, kayanka abincin kaji ne, ko da kuwa ya fi na kowa haske.

Muka yi wannan gwaji da ɗan irin da baƙon ya bar musu na talla. Ba zan faɗi abin da muka ƙirga ba don kada a ce na ci mutuncin wanda ba ya nan, amma mai shago da ya gani sai ya kama haɓa.

ABIN DA YA FARU A 1988

Yanzu bari in koma baya kaɗan, domin wannan ba shi ne karo na farko da aka yi marmarin sha'ir a Nijeriya ba. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, a 1988 kuma ta hana shigo da tsiron sha'ir, don a tsimi kuɗin waje. Kamfanoni suka shiga uku, gama da shi su ke aiki. Aka gwada noman sha'ir a gonakin ban ruwa na arewa, ya fito, amma bai taɓa isar su ba. Abin da ya cece su shi ne dawa. Masanan Samaru ta Zariya da na kamfanonin suka duƙufa, aka gane cewa dawa ma tana ba da tsiro mai kyau in an san hannunta, aka sake injuna domin ta. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ta riga ta sami gindin zama. A 2008 kamfanin Nigerian Breweries ya mallaki babban gidan yin tsiron dawa a Aba, masu Milo kuma sun daɗe suna sayen dawar arewa.

Ku lura da abu guda a nan, musamman ku 'yan kasuwa. Manomi ba ya sayar wa mai giya ko mai lemo kai tsaye. Tsakaninsu akwai gidan tsiro. Waɗannan ƙananan gidaje na Legas da baƙon ya ambata, tsiro gyararre su ke saye cikin buhu, kuma abin da su ke ci a shekara bai taka kara ya karya ba. In ka kai musu ɗanyen sha'ir daga Argungu, wa zai jiƙa ya busar musu? Dawa kuwa hanyarta a share ta ke, motoci suna lodinta daga kasuwannin arewa kowace kaka.

Saboda haka na ce wa samarin, in kasuwar tsiro ce ta ba ku sha'awa, ga abin da kuka gada a tudu. Irin da masu tsiro suka sani su ne gajerar kaura ta Samaru, mai lamba SK5912, da farfara irin su CSR-01 da CSR-02, da mai saurin nuna ICSV 400. Gajerar kaura tana son damina mai tsawo, ta fi dacewa da ƙasar Zuru da Yawuri. Mu nan arewacin jiha, inda ruwa ke ɗaukewa da wuri, sai mai sauri. Amma a kula, mai sauri in an shuka ta da ruwan farko ta kan nuna cikin marka, fumfuna ta kama ta ta yi baƙi, ba mai saye. A daidaita shuka yadda za ta nuna bayan ɗaukewar ruwa.

Sauran sharuɗɗan duk na tsabta ne. Iri ɗaya a gona ɗaya, a buhu ɗaya, domin in an gauraya kaura da farfara wata ta tsira yau wata jibi, tsiron ya lalace. A wanke iri da magani kafin shuka saboda burtuntuna, amma ragowar irin da aka shafa wa magani kada ya kusanci buhun sayarwa. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ban da ƙasa tsirara. A tabbata ta bushe: sa gishiri busasshe cikin kwalba tare da ɗan hatsin ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba da sauran ruwa, a mai da ita rana. Kada a barbaɗa mata maganin feshin gona wai don ƙwari. Ga 'yan kasuwa kuma, kada a cuɗa tsohuwa da sabuwa don a cika mota. Tsumma mai ƙwaya ɗari zai tona asiri a bakin ƙofar kamfani, a komo da kaya, kuɗin mota ya hau kanka.

Wani ɗan gargaɗi ga mata masu yin tsiron dawa a gida: saiwar da ɗan ganyen da ke fitowa suna da dafi, irin wanda ke kashe dabbar da ta ci gyauron dawa. A murje su a sheƙe bayan an busar.

TAMBAYAR DATTIJO

Bayan kwana biyu sai ga mahaifin ɗan manomin ya zo da kansa. Dattijo ne mai fadama, wanda ya fi ni sanin gulbi nesa ba kusa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malam, yaron ga ya ishe ni da zancen shanu. Ni tambaya ɗaya gare ni. Wanga abu da za a noma, mi a ka yi da shi?"

Na ce, "Baba, gaskiya zan gaya maka. Hof kusan dukansa giya a ke yi da shi. Sha'ir da dawa kuwa ana ci, ana ba dabbobi, ana yin lemon malta da garin shayi, ana kuma yin giya. Wanda yaranka suka yi magana da shi, bai ɓoye ba, na giya ya ke nema."

Ya juya ya dubi ɗansa, ya ce, "Ka ji abin da ba ka gaya mini ba." Yaron ya sunkuyar da kai.

Ni malamin gona ne, hukunci na malaman addini ne, kuma ga su nan a kowace unguwa. Kowa ya san a jihar nan ana aiki da Shari'a tun shekarar 2000. Abin da ya rataya a wuyana shi ne kada in bar manomi ya shuka abin da bai san inda za shi ba. Mai neman ka yi masa noma, tambaye shi wane kamfani, me su ke yi da shi, a rubuta. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka san da walakin. A cikin takardar kuma a sa wane iri, nawa ne farashi ko yaya za a yanke shi, wa zai biya mota, a ina za a auna, a ina za a yi gwajin tsiro, kuma in an ƙi kaya wa ke da asara. A sa hannu gaban mai gari ko shugaban ƙungiyar manoma. Ba a cinikin biri a sama.

Shanun dai ba a sayar ba. Dattijon ya ba ɗansa fangali huɗu a gefen lambun albasa ya gwada sha'ir, da sharaɗin in ya yi a ci a gida ko a ba tumaki, a kuma ga ko zai fi alkama. Mun shuka ran 20 ga Nuwamba, biyu da yuriya kaɗan, biyu da irin abin da a ke ba alkama, don yaron ya ga bambancin da idonsa. Mai shago ya mai da hankalinsa ga dawa, yana neman manoma goma da za su yarda su shuka iri ɗaya da damina. Akawu kuwa har yanzu bai haƙura da hof ba. Ya ce zai dasa saiwa biyu a bayan ɗakinsa ya kunna musu ƙwai guda na sola. Na ce wannan ba laifi, tun da bai karɓi bashin ba, in sun yi fure ya kira ni in zo in gani.

Wanda ya ke so ya ga sha'ir da idonsa, fangalolin suna fid da kai wajen tsakiyar Janairu. Ya zo da tsumma mai tsabta da ɗan hatsin rumbunsa, mu yi gwajin ƙwaya ɗari tare.

Malamin Gona, Birnin Kebbi.